Ranar da Kawu Ya Cika Harsashi a Muraƙƙabat

Na yi shekaru ina aiki a Dubai, na ga abubuwa iri-iri, wasu sun shige, wasu sai an tuna mini. Amma ranar da 'yan sanda suka cika falonmu saboda kawuna, ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba na jin za ta goge. Yanzu idan na tuna sai in yi ta dariya har da hawaye. A ranar kuwa babu dariya a cikina ko kaɗan, gumi ne kawai da salati.

Lokacin ina aikin kula da injuna a wata masana'antar robobi da ke Dubai Investments Park, ina kuma zaune a Muraƙƙabat, a wani filat mai ɗaki biyu da falo. Ɗaki ɗaya nawa, ɗayan na wani bawan Allah ne ɗan Zangon Kumasi, mai aikin gadi a wani babban kanti. Shi aikin kwana yake yi, don haka ina fita yana shigowa, ya wuni yana barci. Mutum ne mai tsoron rigima, ko tsallaka titi ba ya yi sai fitila ta ba shi hannu.

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Yana da bindiga mai baki biyu da lasisinta, kuma a zamaninsa ya yi farautar zabi da agwagin ruwa. Sai dai duk wanda ya san shi ya san ba farautar ce ta fi ɗauke masa hankali ba, cika harsashi ne. Ba ya yar da kwanson da ya harba. Zai tattaro su ya dawo gida, bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya kunna rediyo, ya goge wannan, ya daidaita bakin wancan, ya cika su da hannunsa ya jera. Muna yara ko wucewa ta gabansa ba a barinmu mu yi a wannan lokacin. Daga baya yanar ido ta kama shi, ya daina gani sosai, dole aka rataye bindiga, kayan aikin kuma aka kulle su a akwati.

'Ya'yansa ne suka haɗu suka turo shi Dubai a yi masa aikin idon, tunda ga ni a can. Mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Amana ce na ba ka. Yadda ya zo da ƙafarsa haka zai dawo mini." Na ce in sha Allahu. Aka yi aiki lafiya, ido ya buɗe tar, sai likita ya ce ya ɗan zauna tukuna ana duba shi kafin ya koma.

Nan zama ya fara damun Kawu. Ni ina fita da sassafe, ba na dawowa sai bayan magariba. Abokin zamana yana barci. Talabijin ba ya jin yarenta. Na kai shi manyan kantuna ya ce kasuwar da ba a tayi ai gidan kallo ce. Na kai shi ya hau kwalekwalen abra muka tsallaka Bur Dubai, wannan ya ɗan burge shi, amma muna sauka ya ce ruwa duk girmansa babu ko agwagwa ɗaya ta kirki. Kullum na dawo sai in tarar da shi a bakin taga yana murza yatsunsa.

Wata ranar hutu ya ce mini, "Ɗan nan, idon nan fa an ce ya gyaru, amma ban gwada shi ba."

Na ce, "Kawu, ba ga shi kana karanta Alƙur'ani ba tare da an riƙe maka fitila ba?"

Ya ce, "Wannan ai na haddace. Abin da yake tashi sama nake so in gani."

Da na gane inda ya dosa, sai na tambayi wani abokin aikina, ya kwatanta mini wani wurin wasan harbi a bayan gari, inda ake biya a ba mutum bindiga, inji ya riƙa cillo faifan yumɓu sama ana harbi. Na tambayi likita, ya ce babu laifi in dai zai sa tabarau. Ranar da za mu je Kawu ya saka babbar rigarsa mai manyan aljifai, ya kafa hula, kai ka ce ɗaurin aure za mu.

Mai koyarwa a wurin ya tsaya yana yi masa bayanin yadda ake riƙe bindiga, ina fassarawa, Kawu yana kallonsa kamar wanda ake koya wa cin tuwo. Harbin farko ya kuskure. Na biyu ma haka. Ya juyo ya ce mini, "Wace irin zabuwa ce wannan, ba ta kwana, ba ta jin tsoro?" Daga nan hannu ya faɗa. Duk faifan da ya tashi sai ka ga ya zama gari a sama. Wasu Larabawa da ke gefe suka ajiye nasu suka zo kallo suna tafi. Rabon da in ga Kawu yana dariya haka har haƙoransa na ciki su fito, tun ina firamare.

Muna gamawa sai ya ga wani ma'aikaci yana share jajayen kwansunan da suka zube a ƙasa yana zubawa a durom. Ya riƙo hannuna.

"Waɗannan fa, ina za a kai su?"

Na ce, "Shara ce, Kawu. Zubarwa ake yi."

"Zubarwa? Sau ɗaya fa aka harba su! Ko ƙwarzane babu a jikinsu." Ya girgiza kai. "Allah Ya ba mutanen nan arziki, amma bai ba su tattali ba."

Na yi dariya na wuce wajen biyan kuɗi, na bar shi a kan benci yana hutawa. Da na dawo na same shi zaune yadda na bar shi, hannuwansa a kan cinya. Na dai lura da muka nufi mota yana tafiya yana ƙwaram-ƙwaram kaɗan, na ɗauka carbinsa ne da makullai.

Daga wannan rana Kawu ya canja. Ya daina tsayuwar taga, ya daina tambayata yaushe likita zai sallame shi. In na dawo sai in same shi cikin fara'a, har yana tsokanar ɗan Kumasi idan ya fito zai tafi aiki. Na ce a raina lallai fitar nan ta yi amfani. Akwai dai ƙananan abubuwa da suka riƙa ba ni mamaki. Audugar da aka ba shi ta goge ido ta ƙare da wuri. Kyandirorin da muka taɓa saya muka jefa a durowa suka ɓace. Ƙaramin cokalin shayina na neme shi na rasa. Ban kawo komai a raina ba, gidan maza ne, kaya suna ɓacewa.

Ana cikin haka esin falo mai sanyaya mana ɗaki ya lalace, ga shi tsakiyar zafi, irin wanda in ka fito waje sai ka ji kamar an buɗe maka murfin tukunya a fuska. Na gaya wa mai gidan, ya ce zai turo mai gyara da rana. Na ari fanka ta tsaye a wurin maƙwabta na kafa wa Kawu, na ce idan an ƙwanƙwasa ya buɗe.

Ina wurin aiki bayan azahar, kaina a cikin wani inji, sai ga wayar maigadin benenmu. Yana haɗa Larabci da Turanci da yarensu. Abin da na iya tsinta shi ne, yalla, ka zo yanzu, 'yan sanda, tsohonka, bom.

Ban san yadda na fita daga masana'antar ba. Na tari tasi, ga nisa kamar daga gari zuwa gari, ga cunkoso. A cikin motar nan babu abin da ban lissafa ba. Bizata a hannun kamfani take, ko ƙaramar magana ce ta haɗa ka da hukuma sai ka ji an ce ka tattara. A ƙasar nan harsashi guda aka gani a jakarka a filin jirgi, sai ka yi bayani a gaban alƙali. Duk wannan bai kai tunanin mahaifiyata tayar mini da hankali ba. Da wane baki zan ce mata yayanta ya zo gyaran ido ya ƙare a kurkuku?

Na iso na tarar an fito da mutanen hawanmu gaba ɗaya, suna tsaye a inuwar kantin ƙasa suna fifita da kwali. Mai gyaran esi yana zaune a kan dakali da takalmi ƙafa ɗaya, ana ba shi ruwa. Ashe da Kawu ya buɗe masa ƙofa, ya shigo da jakar kayan aikinsa, sai ya ga tebur cike da harsasai a jere, ga dattijo mai farin gemu ya koma ya zauna yana ɗura wani gari a ciki da cokali, ga kyandir yana ci a gefe. Kawu ya yi masa murmushi ya nuna masa esin. Mutumin ya ajiye jaka a hankali, ya ja da baya, bai tsaya jiran lifta ba.

Aka hau da ni. A baranda na ga ɗan Kumasi ya jingina da bango, daga shi sai singileti da gajeren wando, idanunsa jajaye. Yana ganina ya kira ni da kiran da mutanen Kumasi suke wa maigida, ya ce, "Masa, ni barci nake. Wallahi barci nake. Na buɗe ido na ga kare yana kallona. Ka gaya musu ni ko wuƙar kicin ba ni da ita."

A falo kuwa Kawu yana zaune a kan daddumarsa ya tanƙwashe ƙafa, sabon tabarau a hanci. A kan teburin tsakiya ga su nan jajaye, sahu-sahu kamar 'yan makaranta a taron safe, kowanne an toshe bakinsa da auduga an liƙe da kakin kyandir. In faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. 'Yan sanda suna tsaye nesa da teburin, ɗaya yana riƙe da ƙaton kare wanda ya noƙe a bayan ƙafarsa yana ta goga hanci a kafet.

Kawu ya ɗago ya ce, "Yauwa, ka zo? Ka ce su fitar da karen nan, nan nake sallah. Kuma baƙi sun zo tun ɗazu, ko ruwa ba a ba su ba."

Babbansu, wani mai taurari a kafaɗa, mutum mai natsuwa, ya ce in tambayi Alhaji mene ne wannan, kuma daga ina ya samo. Na tambaya. Kawu ya gyara zama, ya ga an zo wurin da ya fi ƙwarewa.

"Ka gaya masa tun ba a haife shi ba nake wannan aikin. A gida ina da akwati guda, wanda na cika da hannuna bai taɓa ƙin tashi ba. Waɗannan na wurin wasan nan ne da za su zubar, na ce ba a gabana ba."

Babban ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce yana yi muku barka da zuwa, kuma shi tsoho ne marar lafiya."

Kawu bai tsaya ba. "Albarushi ne kawai ban samu ba. Na sauka kantin ƙasa na ce wa yaron barud, barud, da Larabci fa na gaya masa, sai ya miƙo mini ruwan sanyi. Na sake faɗa, ya ƙaro mini wani. Garin nan ba su san komai ba."

"Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ana zafi, yana yawan shan ruwa."

Sai na ji wata murya daga bakin ƙofa, cikin Hausa tsantsa, mai ɗan karin harshen mutanen Sudan: "Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah, ka fassara daidai."

Wani dogon ɗan sanda ne baƙi, wanda tun shigowata yake tsaye a wurin. Ashe jikan Hausawan nan ne da kakanninsu suka tafi aikin Hajji a ƙafa suka zauna a Sudan. Na ce a raina shi ke nan, asirina ya tonu. Kawu kuwa fuskarsa ta washe, ya ce, "Allahu Akbar! Ɗan wa ne kai? Mutanen ina ne ku?" Ɗan sandan ya danne dariya ya ce, "Baba, bari mu gama wannan tukuna." Ya juya ya fassara wa babbansu komai, har da zancen kanti, ya bayyana masa cewa yaron kantin kalmar barid ya ji, wato mai sanyi, shi ya sa ya yi ta ba shi ruwa. Na ga gefen bakin babban ya motsa, amma ya maze.

Ya ce to, tunda bai samu albarushi ba, me ya zuba a ciki?

Kafin Kawu ya amsa, wani ma'aikacinsu da ya saka safar hannu ya riga ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ga gindinsa an riga an harba, ya sa ɗan tsinke ya ɓalle kakin ya zare audugar, ya karkata shi a kan farar takarda. Wani jan gari ya zubo. Daidai lokacin fankar aron nan, da take ta juyawa hagu da dama, ta juyo kanta ta hura takardar.

Wanda ya fara atishawa shi ne mai safar hannu. Sai babban. Sai ni. Karen ya fizge ya yi baranda, ya ja mai riƙe da shi. Cikin ɗan lokaci falon nan babu mai iya magana, manyan jami'ai da kakinsu suna hawaye suna laluben taga, daga waje ina jin ɗan Kumasi yana salati yana cewa an saki gas. Kawu ne kaɗai yake zaune daram, ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci.

"Yaji ne," in ji shi. "Uwargidana Hajiya ce ta daka mini da zan taho. Laushinsa ya yi kusa da na albarushi. Da kun tambaye ni ai da na gaya muku ku kashe fanka."

Duk da haka sai da aka tafi da mu caji ofis, mu uku. Can dariya ta ƙare. Babban ya zaunar da ni ya gaya mini a fili cewa ko kwanson da babu komai a ciki, fitar da shi daga wurin wasan laifi ne, kuma mutane sun kwana a tsare a kan abin da bai kai wannan ba. Aka karɓi fasfo ɗinmu. Aka kira wurin wasan, suka turo hoton kyamararsu. Ga Kawu nan ɓaro-ɓaro, ya waiga hagu ya waiga dama, ya sunkuya kan durom yana ɗura aljifai da hannu bibbiyu. Aka juyo masa da allon ya gani. Ya ƙura ido ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe hular nan a karkace take ba wanda ya gaya mini."

Muna zaune a benci muna jiran hukunci, ya dube ni, ya ga ɗan Kumasi ya haɗa kai da gwiwa. A nan ne jikinsa ya yi sanyi. Ya ce, "Ɗan nan, aikinka zai taɓu?"

Na ce, "Zai iya, Kawu."

Ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Tun da idon nan ya rufe ban ƙara taɓa aikin nan ba. Na ɗauka na rabu da shi ke nan har kabari. Da na ga kwansunan nan, so nake kawai in gani ko hannun ya manta. Ban yi nufin jawo maka ba." Ya juya wajen ɗan Kumasi ya ce, "Kai ma ka yafe mini, na tashe ka daga barci." Duk haushin da na ƙunso tun daga tasi sai na neme shi na rasa. Na tuna yadda nake fita in bar shi tsakanin bango huɗu tun safe har dare, in ɗauka tunda akwai abinci a firij na gama masa komai.

Ɗan sandan nan Bahaushe ya yi mana ƙoƙari sosai, ya yi ta shiga yana fita. Wajen magariba aka kira mu, aka ce an duba shekarun Kawu da takardun asibitinsa, an kuma tabbatar babu abin fashewa. Aka ƙwace kwansunan, aka ja mana kunne da kyau, aka miƙo mana fasfo. Za mu fita ɗan sandan ya biyo mu har bakin ƙofa, ya rage murya ya ce, "Baba, yajin nan akwai saura? Rabona da jin wannan ƙamshin tun rasuwar kakata." Washegari Kawu ya sa na kai masa rabin abin da ya rage a leda.

Ba a tashi lafiya ƙalau ba dai. Mai gidan ya ce wata na ƙarewa mu nemi wani wuri, maƙwabta sun ce ba za su iya ba. A wurin aiki sai da na yi bayani har sau nawa, aka kuma daɗe ana kirana da sunan da ba zan maimaita a nan ba. Ɗan Kumasi ya ɗauki lokaci ba ya amsa gaisuwata sosai, ko da yake tare muka sake kama wani filat, kuma har yau muna zumunci.

Kawu ya koma gida da idonsa garau. Bayan ɗan lokaci mahaifiyata ta kira ni tana ta sa mini albarka. Ta ce Kawu yana ta ba da labari a majalisa, wai aikinsa ya yi suna a Dubai har manyan jami'an gwamnati suka zo gida takanas don su gani, suka watsa mutanen bene saboda cunkoso, da suka ga kyan aikin har hawaye suka yi, ƙarshe suka roƙe shi ya bar musu duka su ajiye. Na ce, "Haka aka yi, Umma."

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, idan ka kawo babba ƙasar da ba tasa ba, kada kunya ta hana ka zaunar da shi ka gaya masa abin da ake yi da wanda ba a yi, tun kafin hukuma ta gaya masa. Kuma ciyar da tsoho da ba shi magani ba su ne ƙarshen kula da shi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana aiki da hannu, in ka ajiye shi a ɗaki ba ka ba shi abin yi ba, zai samo wa kansa, kuma ba zai yi shawara da kai ba.